Salsalar da muka samu a intanet ta kai mu gidan Sarkin Musulmi: yaya ake tantance ta?

Ɗan Zango, Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana salsala. Ana shirin buga littafin zuri'ar gidanmu kafin taron zumunci, sai aka kawo wata salsala daga ɗaya daga cikin shafukan nan na intanet. Ta ɗauki kakan mahaifinmu, wanda ya zo Agege fataucin goro, ta ce haihuwar 1905 ne, ta sa suna ɗaya tak tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Akwai wasu salsaloli bakwai a shafin da suka faɗi haka, harafi da harafi. Dattawan gida kuwa cewa suke mutanen Kano ne, Agalawa, goro suka gada kaka da kakanni. Matasa sun fi son ta intanet, suna cewa mutum bakwai ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Shin yawan nan hujja ne? In ba hujja ba ne, daga ina ake farawa, kuma wace takarda ake nema a nan Legas?

Alƙalami, Yaba:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Zango. Kada bakwai ɗin nan su ruɗe ku. A shafuka irin su Ancestry da MyHeritage kowa ke gina tasa salsalar, babu mai duba masa aiki. Da ka shigar da suna da shekara, manhajar za ta leƙa salsalolin wasu ta ce ga wani mai kama da naka. Ka danna amincewa sau ɗaya, sai ta kwaso mutumin da ubansa da kakansa da duk kuskuren da ke jikinsu ta zuba maka. Na uku ya kwafa daga gare ka, na huɗu daga na uku. A FamilySearch kuwa salsala ɗaya ce ta kowa da kowa, duk mai rajista yana iya haɗe mutum biyu su zama ɗaya, ko ya sauya wa mamaci uba. Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan: ruwaya goma da duk suka koma ga mutum ɗaya, ruwayar mutum ɗaya ce, ƙarfinta gwargwadon ƙarfinsa.

Gane kwafi ba shi da wuya. Ku buɗe shafin kakan a kowace salsala ku duba gurbin madogara. In abin da ke ciki kawai shi ne salsalar wani mai rajista, to babu madogara ke nan. Sannan ku nemi kuskure iri ɗaya: suna da aka rubuta a karkace a wuri guda, hoto ɗaya, ranar haihuwa 1 ga Janairu a duka. Wanda ya ji daga kakarsa da wanda ya gani a takarda ba sa yin tuntuɓen alƙalami iri ɗaya. A FamilySearch akwai tarihin gyare-gyare na kowane suna, yana nuna wanda ya ɗaura wannan uban da ranar da ya ɗaura. Ku aika masa saƙo cikin ladabi ku tambaye shi inda ya samo.

Sai lissafi, wanda shi ne abu na farko da ake yi wa kowace salsala. Muhammadu Bello ya rasu a 1837. Ɗansa na ƙarshe ba zai wuce haihuwar 1838 ba. In wannan ɗan ne ya haifi kakanku a 1905, yana da shekara 67 ke nan a lokacin, ko fiye. A ƙasar Hausa wannan ba abin mamaki ba ne, tsoho mai mata huɗu yana haihuwa a irin shekarun nan, saboda haka lissafin bai kashe maganar ba. Amma ya kai ta bakin gaɓa. Ku gwada da waɗanda aka san salsalarsu sarai. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku haihuwar 1903 ne, ɗan Usman Shehu, ɗan Mu'azu, ɗan Bello: suna biyu a tsakani. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa 'yan shekaru bayansa, ɗan Ibrahim ne, ɗan Abubakar Atiku na Raba, ɗan Bello: shi ma biyu. Tsaransu da suna ɗaya kawai yana buƙatar hujja mai ƙarfi. A zuriyar maza a kan ɗauki shekara 30 zuwa 35 tsakanin uba da ɗa a matsakaici. Da wannan ma'aunin ake auna takardun sharifta ma: shekara 1,400 na buƙatar suna 40 ko sama da haka, in aka ga 22 to kowane uba sai ya haihu yana da kusan shekara 64, bi da bi, wanda ba ya faruwa. An zubar da sunaye a hanya.

Abin da ya fi jawo haɗe mutum biyu a wurinmu shi ne tsarin sunayenmu, domin manhajojin nan an gina su ne don mutanen da ke gadon sunan iyali. Mu sunan uba muke ɗauka, daga uba zuwa ɗa yana sauyawa. Muhammadu ɗan Abdullahi daga Kano haihuwar wajen 1900, mutum nawa ne? Ƙari a kan haka, gida ɗaya kan samu Muhammadu biyar: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu. In mai shigarwa ya rubuta Muhammadu kawai, manhaja za ta ɗauka maimaici ne ta ba da shawarar a haɗe su. Ga kuma mai suna: jika ya ci sunan kaka, ana kiransa Abba ko Baba, shekara hamsin baya sai a mayar da su mutum ɗaya mai tsawon rai. Kuma Bello suna ne gama-gari. Ina kyautata zaton akwai wani Malam Bello na gaske a salsalarku, wani ya ga sunan ya ɗaura masa rawanin da ba nasa ba.

Hajiya, Idi-Araba:

Malam Alƙalami ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni abin da zan ce wa ɗana Ɗan Zango shi ne ku rufe kwamfuta tukuna ku je wurin tsofaffin mata. Salsala daga ƙasa ake gina ta zuwa sama, kai, ubanka, ubansa, ba a farawa daga babban mutum a gangaro neman inda za a maƙale. Goggonni da kakanni mata sun fi maza riƙe wa ya auri wa, wa ya fito ɗakin wa, domin su ke zuwa biki da suna da zaman makoki.

Amma tambayar tana da ƙa'ida. Ɗaya bayan ɗaya za ku same su, kada ku tara su, domin in babba ta yi magana ƙanana ba za su musa ba ko da sun san ba haka ba ne. A nemi izini a ɗauki murya da waya, a fara da faɗin ranar da sunan mai magana da dangantakarta da wanda ake magana a kai. Kada ku ce "ashe mu jikokin Bello ne ko?", za a ce muku "haka ake faɗa" don a faranta muku. Ku ce "wa ya haifi Malam?", in ta amsa ku ce "kin gan shi da idonki, ko wa ya faɗa miki?" Wannan tambaya ta biyu ita ce aikin. Ku rubuta amsar a gefen kowane suna.

Ku kula da alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗan farinta, ko na surukinta. Za ta ce Malam, ko mai gidan nan, ko ta kira laƙabi. Sai ku nemi sunan yanka a bakin wata wadda ba ta jin nauyinsa. Kuma "ɗansa ne" a bakin Bahaushe yana da faɗi. Ɗan riƙo ɗa ne, agola ɗa ne, ɗan ƙane ɗa ne, almajirin da ya girma a gida ɗa ne. A zango ma abin ya fi yawa, domin yaron da ya zo daga Arewa ya sauka wurin mai masauki, ya yi masa shekaru yana ɗaurin huhun goro, mai gidan ya yi masa aure, to da sunan mai gidan za a san shi har 'ya'yansa su ɗauka. Tambayar da ke raba gardama ita ce ta gado: da Malam ya rasu, wa da wa aka raba wa? Wanda bai ci gado ba alhali yana raye kuma ana kiransa ɗa, a binciki dalili. Ana kuma iya tambayar wa ya yi walicci a auren wance.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa. Ku tafi da jerinku a rubuce: zuwan Turawa Kano 1903, isar jirgin ƙasa Kano 1911, annobar mura ta 1918, sarautar Sarkin Kano Abbas daga 1903 zuwa 1919, ta Usman zuwa 1926, ta Abdullahi Bayero zuwa 1953, zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna 1966, canjin kuɗi zuwa naira 1973, kisan Murtala a nan Legas 1976. In aka ce ya sauko Ikko a jirgi yana saurayi zamanin Sarki Usman, kun sami tazarar shekara bakwai, ta fi wata 1905 da ba a san wanda ya rubuta ta ba. Ku tambayi tsagar fuskarsa, da unguwar da ake aika goro in an yi rasuwa a Kano, da waɗanda gidan ke wasan taubasantaka da su.

Maganar Agalawa kuma kada matasa su raina ta. Su ne manyan fataken goro na Kano tare da Tokarawa da Kambarin Barebari, Alhassan Ɗantata ma daga cikinsu ya fito. Mutane kan ƙirƙiri dangantaka da sarauta, ba kasafai ake ƙirƙirar ta da fatauci ba, shi ya sa maganar dattawan ta fi kama da gaskiya. Kuma abin ba na ado ba ne kawai: aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, hadisi kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane.

Mai Kundi, Ebute Metta:

Gaskiya ne, Hajiya. Bari in ɗora da takardu, kuma akwatin gida ake fara buɗewa kafin a hau mota. A duba bangon Alƙur'ani da ƙarshen littattafan Malam, nan malamai ke rubuta haihuwa da rasuwa da Larabci ko ajami. A nemi fasfon aikin Hajji, rasit na haraji, takardar cinikin fili ko gida, takardar fansho in akwai wanda ya yi aikin reluwe ko soja, wasiƙu, da bayan tsofaffin hotuna inda mai hoto ke buga hatiminsa. Takardar rabon gado daga kotun alƙali a Kano ita ce sarauniyarsu, domin tana jera magada da matsayin kowa, kuma an rubuta ta a gaban mutanen da za su yi gardama in an saka bare.

Shekarar Hijira ana juya ta haka: a ninka da 0.97 a ƙara 622. Misali 1345 za ta ba da 1926 da ɗoriya, kuma shekarar ta faro ne daga tsakiyar 1926 ta ƙare tsakiyar 1927, don haka sai an san wata kafin a tsayar da ɗaya. Kuskuren da ake yi shi ne ƙara 622 kai tsaye, ko ƙara 579 da ke aiki a yau ga shekarun da suka wuce ƙarni. In an rubuta shekarar da haruffa, wato ramzi, a kai wa malamin da ya san lissafin Magariba, domin a nan harafin shinun ne 1,000, a lissafin Gabas kuwa gainun ne. Wanda ya yi amfani da jadawalin Gabas zai fitar da shekarar da ba ta da ma'ana.

Takardar rantsuwar shekaru ta kotu ba hujjar haihuwa ba ce, hujja ce ta abin da mutum ya faɗa ranar da yake neman aiki ko fansho. Haka shekarun da ke katin ɗan ƙasa na tsofaffi. Akwai ɗan gwaji mai sauƙi: in sunansa Ɗanladi ko Ɗanjuma, ko sunanta Talatu, a duba kalandar shekarar a ga ko ranar da aka rubuta ta faɗo daidai.

Game da rajistar haihuwa, an yi dokarta a Legas tun 1863, aka fara aiki da ita sosai a 1892, amma ta cikin birni ce. Agege tana ƙarƙashin Ikeja, kuma kafin a ƙirƙiri Jihar Legas a 1967 tana cikin Jihar Yamma ta wancan zamani. Dokar da ta wajabta rajista a ƙasa baki ɗaya sai a 1979 ta fara fitowa, aka sabunta ta a 1992. Saboda haka kada ku sa ran takardar haihuwar wanda aka haifa a Kano farkon ƙarnin jiya. Fayilolin mulkin mallaka na Legas da Ikeja suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, na lardunan Arewa suna reshen Kaduna, sai kuma Arewa House. Ba a jera su da sunan talaka ba. Mutum yana fitowa ne in ya riƙe sarauta, ko ya shiga shari'a, ko ya sa hannu a takardar koke, don haka ku nemi fayil a kan sarautar Sarkin Hausawa, kasuwar goro da rikicin fili. In gidan yana da tsohuwar takardar mallaka, ofishin rajistar filaye na Alausa na da amfani, domin tsofaffin takardun ciniki kan faɗi wanda ya fara mallaka da 'ya'yan da suka gaje shi.

A nan sai an sassauta kunne wajen rubutun suna, domin akawun Legas yadda ya ji yake rubutawa. Muhammadu zai zama Momodu, Abubakar ya zama Bakare, Ibrahim ya zama Braimah, Yusufu ya zama Yesufu, Haruna ya zama Aruna, wani lokaci a liƙa Gambari ko Kano a matsayin sunan iyali. Ku rubuta duk siffofin sunan a takarda ɗaya ku nema da kowace. Ɓangaren Sakkwato shi ne mafi sauƙi: zuriyar Shehu sananniya ce kuma a rubuce, a tuntuɓi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da sunan da aka ce ɗan Bello ne a ji ko an san shi.

Auta, Mile 12:

Yayyena, ba gwajin DNA zai gama maganar nan cikin wata guda ba? Na ga ana tofa yawu a kwalba a aika Amurka.

Alƙalami, Yaba:

Auta, zai taimaka a wani wuri, ba zai ba da suna ba. Gwajin da aka fi sayarwa yana auna abin da ka gada ta kowane ɓangare: rabi daga kowane mahaifi, kusan kashi 25 cikin 100 daga kowane kaka, kusan 12.5 tsakanin 'ya'yan wa da ƙane, kusan 3 tsakanin jikokin wa da ƙane. Bayan hawa biyar ko shida na kakanni abin ya tsinke, wani kakan ma ba za ka gaji komai daga gare shi da gwaji zai gani ba. Auren zumunci kuma yana kumbura lambobin, sai dangi na nesa ya fito kamar na kusa, domin kun haɗu ta hanya biyu ko uku. Kason ƙabila da suke nunawa ƙiyasi ne daga mutanen da kamfanin ya riga ya auna, yana sauyawa in sun sabunta ma'auninsu.

Wanda ya dace da tambayar Ɗan Zango shi ne gwajin Y, mai bin layin uba zalla. Shi ma kwatanci ne: sai an sami namiji wanda aka tabbatar jikan Bello ne ta wajen maza, ya yarda a auna shi. In ba su dace ba, magana ta ƙare. In sun dace, ya nuna kaka ɗaya a wani wuri can baya, bai ce Bello ba ne. A kuma yi shawara da manya kafin a fara, domin gwaji kan tono abin da ba a je nema ba, kuma a fiƙihu da aure da iƙirari da shaida ake tabbatar da nasaba.

Mai Kundi, Ebute Metta:

Game da littafin, Malam Ɗan Zango, a sa wa kowace mahaɗa tsakanin uba da ɗa alama ɗaya cikin uku. Layi cikakke ga wadda ke da takarda ko shaidu biyu da ba daga juna suka ji ba. Layi mai ɗigo-ɗigo ga wadda mutum ɗaya ya faɗa, tare da sunansa da ranar da ya faɗa. Abin da aka gani a intanet kawai kuma a kai shi shafin ƙarshe a ƙarƙashin "ana faɗa, ba a tabbatar ba". Inda ba a san shekara ba a rubuta "wajen 1905" ko "zamanin Sarki Abbas", kada a cike gurbi don shafi ya yi kyau. A sa sunan uwa ga kowane ɗa, shi ke raba 'yan uba masu suna ɗaya.

Aikin kansa a yi shi a manhajar da ke kan kwamfutarku, irin Gramps wadda kyauta ce, a riƙa fitar da kwafi a tsarin GEDCOM, wato fayil ɗin da manhajojin salsala ke iya karantawa, ana ajiyewa wuri biyu. Kada a ɗora cikakkiyar ranar haihuwar masu rai da sunan mahaifiyarsu a fili ko a zauren WhatsApp mai mutum ɗari, da irinsu banki ke tantance mai asusu. Bugun farko a yi kwafi kaɗan a raba wa dattawan Agege da na Kano su gyara da jan biro kafin a buga da yawa.

Tsofaffin takardun kuma kada a kai su a manne da leda mai zafi, zafin da gam ɗin suna cin tawada kuma ba a iya cirewa. A ɗauki hotonsu gaba da baya a shimfiɗe cikin hasken rana marar kaifi, a cire ƙusar stefula da ta yi tsatsa, a sa kowace a cikin farar takarda, a ɗora akwatin a saman kabad nesa da bango saboda raɓar Legas da ambaliyar damina.